Tambaya da Amsa: Tarantulata Ta Naɗe Ƙwai, Yaya Zan Yi da Ita?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ɗalibi ne, ina zaune gidan iyayena a unguwar Yantala, a nan Yamai. Wata biyar da suka wuce wani baƙo da na yi wa aiki ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar mini babban gizo-gizon da yake kiwo a akwatin gilashi, irin wanda ake kira tarantula, mai duhun jiki da murɗaɗɗen gashi. Ya ce mini mace ce, kuma asalinta daga Amurka ta Tsakiya. Ina ba ta gyare da kyankyaso tana ci, har cikinta ya yi girma ƙwarai, sai kuma ta daina cin abinci ta toshe bakin maɓoyarta da ƙasa da saƙa. Kwana shida ke nan da na leƙa na tarar cikin ya sace, tana rungume da wani farin dunƙule. Tun da ta zo hannuna namiji bai kusance ta ba, kuma ba ta yi saɓa ba. Shin ƙwai ne, kuma zai ƙyanƙyashe? In karɓe shi ko in bar mata? Ga shi muna ƙarshen Fabrairu, zafi yana matsowa, mahaifiyata kuma ta ce ba ta yarda gida ya cika da gizo-gizo ba.

Daga wani ɗalibi, Yantala, Yamai.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa karatu albarka. Abin da ka gani ƙwai ne, ta zuba su a kan shimfiɗar saƙa, sa'an nan ta naɗe shimfiɗar ta mayar da ita ƙunshi. Siffar da ka bayar ta yi daidai da jinsin da masana ke kira Tliltocatl albopilosus, wanda ake samu a dazuzzukan Nikaraguwa da Kosta Rika, kuma yana cikin masu sanyin hali a dangin tarantula mai jinsi fiye da 1,000. Kafin in shiga sauran bayani ina so ka riƙe abu guda: a makonni huɗun farko babu abin da ya fi hannunka da idonka haɗari ga wannan ƙunshi. Aikinka yana kan ɗakin da akwatin yake, wato zafinsa da danshinsa da abin da ke shiga cikinsa, ƙwan kuwa aikin uwarsa ne, kuma ta fi ka iya shi.

Game da ko zai ƙyanƙyashe, saɓar da ka ce ba ta yi ba ita ce ta bar ƙofa a buɗe. Macen tarantula tana da wata ƴar ma'ajiya a ƙasan cikinta inda take adana maniyyin namiji watanni bayan barbara, sai ranar da za ta zuba ƙwai take haɗa su. Idan ta yi saɓa, fatar cikin wannan ma'ajiya takan fita tare da tsohuwar fatar jiki, abin da aka adana ya tafi da ita, ta koma kamar ba a taɓa yi mata barbara ba. Tun da taka ba ta yi saɓa a hannunka ba, yana yiwuwa ta zo maka da ajiyarta, ko dai mai ita na farko ya taɓa haɗa ta da namiji, ko kuma da girmanta aka kamo ta daga daji. Haka nan yana yiwuwa babu komai a ciki, domin matan tarantula sukan naɗe ƙwai ko ba namiji, su rungume shi makonni, daga baya su cinye shi ko su yar. Idan kana da hanyar samun baƙon nan, ka tambaye shi abu biyu, yaushe ta yi saɓarta ta ƙarshe, kuma ko namiji ya shiga akwatinta bayan wannan saɓar. Kafin amsa ta zo ka ɗauka akwai rai a cikin ƙunshin, ka kula da shi a kan haka.

Rungumar da take yi masa ba zama kawai ba ne. Tana riƙe da shi da fiƙoƙinta da ƴan hannuwa biyun nan na gefen baki, tana jujjuya shi sau da yawa a wuni kamar yadda kaza mai kwanci ke juya ƙwanta, domin ƙwayayen da ke ciki laushi gare su, idan suka daɗe a gefe guda na ƙasa sukan danne su manne da juna su lalace. Takan kuma matsa da shi wajen da ya fi ɗumi ko wajen da ya fi danshi gwargwadon abin da jikinta ya ji. Ba dukan dangin ke yin haka ba, wasu na nan Afirka, irin su Pterinochilus murinus na gabashi da kudancin nahiyar, ɗaure ƙunshin suke yi a jikin saƙa su tsaya gadi. Taka dai mai ɗauka ce, shi ya sa duk abin da ya firgita ta yana iya sa ta saki ƙunshin, ko ta huda shi ta shanye. Saboda haka ka daina ɗaga murfin maɓoyarta, ka daina haska ta da fitilar waya, kada ka ɗauki akwatin kana nuna wa abokai, kuma ka nisanta shi da rediyo da ƙofar da ake bugawa, domin girgizar da take ji ta ƙafafu da gashin jiki ta fi abin da take gani da ido tasiri a kanta. Ka rufe gefe uku na gilashin da kwali ko baƙin ƙyalle, ka bar ramukan iska a buɗe.

Kada ka ba ta abinci. Na san wannan yana yi wa mai kiwo nauyi, musamman da ya ga cikin ya motse, amma babbar tarantula mai lafiya tana jure makonni da yawa ba ci, kuma yawancinsu ba sa karɓar abinci a wannan hali. Gyaren da ka jefa ba ta kama ba zai yi ta yawo yana tayar mata da hankali, yana ma iya gaigayar ƙunshin, idan kuma ya mutu a lungu ya jawo fumfuna da tururuwa. Ruwa ne ba a yanke mata. Ka bar ƴar tasarta a cike, ka riƙa ƙara mata a hankali daga gefen da ya fi nisa da maɓoya.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato yanayin garinmu. Wannan dabba ta dajin damina ce, kuma masu kiwo sukan riƙe ƙwanta a zafin da bai wuce digiri 24 zuwa 28 ba. A Yamai kuwa zafin rana a watan Maris yana kusantar digiri 40, a Afrilu yana wuce shi, danshin iska kuma a wannan tsakani yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana tsaka. Ƙwan da aka naɗe a ƙarshen Fabrairu zai yi rabin zamansa ne daidai lokacin da hunturu ya janye bazara ta kama, saboda haka zafi da bushewa za su taru a kansa lokaci guda. Ɗakin kwano marar silin yana iya kashe ƙwan har da uwar a wuni ɗaya. Ka nemi ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan, wanda rana ba ta dukan bangonsa da yamma, in da ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi, ka mayar da akwatin can sau ɗaya tak, da dare, a hankali ba tare da jijjiga ba, ka ajiye shi kusa da daɓe domin zafi sama yake taruwa. Ka sayi ma'aunin zafi ka jingina shi a jikin gilashin, ka riƙa duba shi tsakanin azahar da la'asar, kada ka dogara da abin da fatarka ta gaya maka, domin mu mun saba da zafin da ita ba za ta iya ɗauka ba.

Idan ma'aunin ya haura 30, dabarar da ta fi sauƙi ita ce ta randa. Ka kawo randa ko tuluna biyu masu ruwa ka ajiye kusa da akwatin, ka rataya jiƙaƙƙen buhu ko tawul a kusa yadda iska za ta ratsa shi kafin ta isa wurin, domin a busasshiyar iska irin tamu ruwan da ke tashi yana rage zafi sosai, yana kuma ƙara danshin da ake nema. Wanda yake da na'urar nan mai hura iska ta cikin ruwa ya samu sauƙi, sai dai kada a juya bakinta kan akwatin kai tsaye. Na'urar sanyaya ɗaki tana sauke zafi amma tana ƙara busar da iska, kuma ranar da aka ɗauke wuta ɗakin yakan tashi daga sanyi zuwa zafi cikin ɗan lokaci, abin da ƙwai ba ya so, shi ya sa ko kana da ita ina ba ka shawara randar ta zauna a wurin. Kada ka ɗora ƙanƙara a kan akwatin.

Wajen danshi mutane suka fi yin kuskure, domin da sun ji an ce dabbar daji mai ruwa ce sai su kama fesa ruwa safe da yamma. Ƙunshin da ya jiƙe fumfuna ce ƙarshensa. Abin da ake so shi ne ƙasar akwatin ta kasance da laima daga ƙasa, samanta kuma a ɗan bushe. Ka tsiyaya ruwa kaɗan a kusurwa guda, nesa da uwar, har ka ga ta gilashi ƙasan ya yi duhu, ka bar ɗaya ɓangaren yadda yake, ita za ta zaɓi inda ya dace da ƙwanta. Idan ka ga gumi yana kwarara a jikin gilashin, ruwan ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Kada neman danshi ya sa ka toshe ramukan iska, domin ɗumi da laima ba iska sun fi bushewa saurin ɓata ƙwai.

Akwai kuma wani haɗarin da ke cikin kusan kowane gida a ƙasar nan, wato maganin ƙwari. Abin da ke kashe sauro da kyankyaso yana kashe gizo-gizo. Maganin feshi, da na hayaƙi da ake kunnawa da dare, da fiya-fiya, da allin da ake zana wa kyankyaso, duk kada su shiga ɗakin. Gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa saboda zazzaɓin cizon sauro, kariya ce ga mutanen gida kuma ba zan ce kowa ya bar shi ba, amma kada ka lulluɓe akwatin da shi, kada ka yanki ƙyallensa ka yi murfi, kuma ka wanke hannu bayan ka taɓa shi. Hayaƙin turaren wuta ma a nisanta shi. Tun da ba za ka yi amfani da magani ba, tururuwa da kiyashi sai a tare su da ruwa: ka ɗora akwatin a kan ƴar kujera, kowace ƙafa a cikin gwangwani mai ruwa, kada kuma wani gefe ya taɓa bango ko labule. A bazara ruwan gwangwanin yana ƙafewa da wuri, ka riƙa dubawa kullum.

Batun karɓe ƙunshin, masu kiwo sun kasu biyu. Wasu suna barin uwa da kayanta har ƴaƴan su fito da kansu, abin da kan ɗauki wajen mako shida zuwa takwas, ko fiye in wurin da sanyi. Wasu kuma suna karɓewa idan ya kai kimanin kwana 30, lokacin da ƙwayayen suka fara fitar da ƙafafu ba sa bukatar juyi, saboda tsoron kada uwar ta cinye, da kuma wahalar tsince ɗaruruwan ƴaƴa daga cikin ƙasar babban akwati. A ganina, wanda bai taɓa yi ba kada ya karɓa kafin kwana 30, sai fa idan uwar ta yar da ƙunshin ta yi nesa da shi wuni guda cur. Wanda ya karɓa da wuri ya ɗora wa kansa juya ƙwai sau da yawa dare da rana, ga karatu a gabanka.

Idan ranar ta zo, ka tanadi wurin renon tun kafin ka taɓa uwar. Ka samu roba mai murfi, ka zuba ruwa kaɗan ko jiƙaƙƙiyar auduga a ƙasanta, ka ɗaure sabon ƙyallen tatar koko a bakinta yadda zai ɗan lotsa ba tare da ya taɓa ruwan ba, ka sa wannan robar a cikin wata babba mai ƙananan hudojin allura. Da dogon hantsaki za ka kama ƙunshin ta gefen saƙa, ka ja a hankali, kana ture ƙafafunta da wani abu mai laushi. Za ta riƙe da ƙarfi, kuma fizga tana iya karya mata fiƙa ko ta fasa ƙwan, don haka in ta ƙi saki ka bari zuwa wani lokaci. Ka ɗaga saƙar sama ka yanka ƴar ƙofa da ƙaramin almakashi, ka juye abin da ke ciki a kan ƙyallen. Ƙwai mai kyau launinsa fari-fari ne mai ratsin rawaya, a warware yake yana gangarawa, wanda ya yi baƙi ko ya taurare ko ya dunƙule yana wari kuwa baragurbi ne, a tsince shi da wuri kada ya ɓata na kusa da shi. Idan kwana 30 sun wuce da sati biyu babu ko ɗaya da ya fitar da ƙafa, to ko dai babu namiji a lamarin, ko kuma ƙwayayen sun lalace.

Masu rai za ka fara ganinsu kamar ƙwai ne da aka dasa wa ƙafafu, ba sa tafiya, ba sa ci, gwaiduwar cikinsu ce abincinsu. Bayan saɓa ɗaya sukan ɗauki siffar gizo-gizo su riƙa ɗan motsi a tare, har yanzu ba sa farauta. Sai sun sake wata saɓar, sun yi gashi sun fara watsuwa, sa'an nan ake ba su abinci, kuma daga nan ne suke fara cin junansu idan aka bar su wuri guda. Kowane ɗaya yana bukatar ƴar robarsa mai murfi, da ƙasa mai laima da hudojin da ba zai iya bi ba, domin girmansa bai fi rabin santimita ba a lokacin. Ƙafar gyare ko guntun kyankyason da aka riga aka kashe ya ishe shi sau ɗaya ko biyu a mako, a cire ragowar washegari. Ƙwarin da za ka ciyar da su gara ka kiwata da kanka, domin na lambu da na gidan da ake feshi suna iya ɗauko guba.

Wannan ya kawo mu ga maganar mahaifiyarka, kuma ina ganin tana da gaskiya. Ƙunshi ɗaya na wannan jinsi yana iya fitar da ƴaƴa ɗaruruwa, wani ɗan'uwansa na Birazil mai suna Lasiodora parahybana ma yakan haura 1,000. Macen tana iya rayuwa shekara 15 ko fiye. Duk abin da mutum ya tsare a akwati, cinsa da shansa suna wuyansa, saboda haka ka zauna tun yau ka ƙidaya nawa za ka iya riƙewa, su wa kuma za su karɓa da gaske su kula. Sakinsu a lambu ko a bakin kogin Isa ba mafita ba ne, domin yawancinsu za su mutu da zafi da ƙishirwa, kuma ba a sakin baƙuwar halitta a ƙasar da ba tata ba. Fitar da su waje ma ba a yinsa kara zube: jinsin Tliltocatl yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973 domin tsara cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, Nijar kuma tana cikinta tun 1975, don haka ƙetare iyaka da su sai da takarda. Ka je ofishin ma'aikatan gandun daji ka nemi bayani kafin ka yi wa kowa alkawari. Idan ka auna ka ga ba za ka iya ba, abin da masu kiwo ke yi shi ne su karɓe ƙunshin tun yana ƙwai su sa shi a ɓangaren ƙanƙara na firji. Ba abu ne mai daɗin faɗa ba, amma ya fi a bari su fito su mutu da yunwa ɗaya bayan ɗaya, kuma in za a yi shi, a makonnin farko ya kamata a yi. Ka yi wa mahaifiyarka bayani da ladabi, ka nuna mata murfin da hudojin, shawarar da za ku yanke kuma ta zama da yardarta, tun da gidanta ne.

Ka kuma kula da kanka. Uwa mai ƙwai ta fi kullum faɗa, kuma tarantulolin Amurka suna da gashi mai ƙaiƙayi a bayan ciki wanda suke karkaɗowa da ƙafa idan an matsa musu. Kada ka kai fuskarka bakin akwati, ka sa tabarau ranar karɓar ƙunshin, in kuma gashin ya shiga ido kada ka murza, ka wanke da ruwa mai tsabta ka tafi wajen likitan ido. Bayan ƙunshin ya bar hannunta za ta yi kwana kaɗan tana nemansa, daga nan ka fara ba ta abinci kaɗan-kaɗan har cikinta ya dawo.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. A bayan randarmu na ga wani babban gizo-gizo mai dogayen ƙafafu, jikinsa a baje, yana gudu a bango ɗauke da wani farin abu mai faɗi a ƙarƙashin ƙirjinsa. Yara sun ce tarantula ce. In kashe shi ne?

Daga wata uwar gida, Tawa.

AMSA

Barka kadai Hajiya, Allah ya raya yaran. Siffar da kika bayar ba ta tarantula ba ce, domin tarantula jikinta kauri gare shi da gashi mai yawa, ƙunshinta kuma a dunƙule yake. Mai bajajjen jiki da ke gudu a bango da faifan ƙwai a ƙarƙashinsa yana cikin dangin da masana ke kira Sparassidae, masu farauta da dare ba tare da kafa saƙa ba, kuma kyankyaso yana cikin abincinsu. Wannan ma uwa ce, sanyin randa da laimarta suka jawo ta. Ba ta neman mutum, sai an danne ta take cizo, cizon kuma yawanci zafi ne da ɗan kumburi. Ban ga dalilin kashe ta ba. Idan ba kya son ta ƙyanƙyashe a ɗaki, ki kifa mata kofi mai faɗin baki, ki zura kwali tsakanin kofin da bango a hankali don kada ta saki ƙwan, ki kai ta inuwa a bayan gida, wajen tarin itace ko gindin bishiya. Ki hana yara taɓa ta da hannu, in kuma wani ya samu cizo a wanke wurin da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti idan kumburin ya ci gaba ko jikinsa ya canza.